Sunan da ke Gefen Shafi

Malam Attahiru ya shigo Isa ranar Litinin da hantsi a bayan kabu-kabu, da alƙawari a wuyansa, kuma shi ya ɗora wa kansa, ba wanda ya aike shi. Sati uku ya yi a Tsamaye, garinsu, yana jinyar ƙafa. Ranar Juma'ar ƙarshe, bayan an sauko daga masallaci, dattawa suka zauna ƙofar gidan yayansa Abbas suna kukan abin da kowa ya sani. Gonakin nesa sun gagara zuwa saboda rashin tsaro, kowa ya dawo ya matsu a 'yan gonakin bayan gari, su kuwa sun gaji, ƙuduji ya cinye su. Ka shuka gero ya tashi kore shar, da ya fara ɗaukar ciki sai ƙuduji ya fito da furensa ya shanye shi a tsaye. Bara wasu ko dami goma ba su ɗaure ba.

Da Attahiru ya yi shiru da ba a kai ga wannan labari ba. Amma mutum ne da ya shekara ashirin da bakwai yana malamin gona, kuma abin da ya sani ba ya kwana a cikinsa. Ya gyara zama ya ce akwai wani gero da ya taɓa gani a yankin Turba, shekara goma sha shida da suka wuce, ana ce masa ɗan saba'in. Gajere ne, zangarniyarsa ba ta kai kamu ɗaya da rabi ba, shi ya sa a lokacin mutane suka yi ta yi wa mai shi dariya. Amma kwana saba'in ya nuna, kafin ƙuduji ya gama shiri an yanke. Mutum ɗaya ne ya riƙe irin, kuma sunansa da sunan ƙauyensa suna nan a rubuce a ofis. Abbas ya dube shi ya ce ya yi a hankali, alƙawari kaya ne. Attahiru ya ce kafin ruwan shuka ya sauka, kowane gida a unguwarsu, gida arba'in, zai samu ko da cikin tafin hannu ne, a shuka a ƙara iri. Aka shafa fatiha a kan haka.

Sunan mutumin kam ya ɓace masa tuntuni, amma abin bai dame shi ba. Ina ruwan wanda ya rubuta da mantuwa? Ƙungiyar taimakon manoman da yake wa aiki ta daɗe tana karɓar wata mujallar bincike ta Turanci, duk wata uku sai an aiko da ita daga Sakkwato. Sauran ma'aikata ba mai buɗe ta, shi kuwa sai ya kwashe ta zuwa ɗakin ajiya, ya sa tabarau, ya bi ta layi-layi da biro a hannu. In masu bincike suka ce abu kaza, sai ya je gona ya duba, ya dawo ya rubuta a gefen shafin abin da idonsa ya gani: gonar wane, a ƙauye kaza, ruwa ya sauka ran kaza, maganarsu ta yi daidai ko ba ta yi ba. Da ajami yake rubutun, don hannunsa ya fi gudu da shi, allo ya fara riƙewa kafin boko. Kowane rubutu kuma da Bismillah yake buɗe shi, haka mahaifinsa ya hore shi. Shekara shida ke nan da aka daina buga mujallar a takarda, sai dai a karanta ta a kwamfuta ko a waya. Tun daga ranar Attahiru ya daina karanta sabon abu, ya ce shi ba zai zauna yana leƙen ilimi ta taga ba.

Ya tura ƙofar ɗakin ajiya da sandarsa, ya tsaya. An yi fenti. Inda kantar katako take an jera baturan sola guda huɗu, ga tebur da kwamfuta biyu a lulluɓe da leda. Mujallu tamanin da 'yan kai, babu ko bangon ɗaya. Ya dubi bayan ƙofa, ya dubi ƙarƙashin tebur kamar wanda allura ta faɗo masa, sannan zuciya ta taso masa har kunnuwansa suka yi zafi.

Nuriyya ce shugabar ofis, 'yar Sabon Birni, bara aka turo ta. Ta yi karatu mai zurfi, kuma ba ta da raini, gaskiya ɗaya ce. Amma a ranar Attahiru bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya shiga ofishinta ko sallamar kirki bai yi ba. Ta tashi tana tambayarsa ya ƙafa, ya ce ta bar zancen ƙafa, ina mujallunsa. Ta ce gara ta shiga kantar, ta fara cin rufin ɗaki, masu kafa sola kuma suka ce sai an fitar da komai. Ta neme shi a waya har sau huɗu ba a samu ba, shi ma ya san yadda layin Tsamaye yake. Sai ta sa Labbo mai gadi ya kwashe takardun ya san yadda zai yi da su.

"Ya san yadda zai yi da su," Attahiru ya maimaita. "Shara ce ke nan."

"Baba, duk abin da ke cikinsu yana nan. Ko layi ɗaya bai ɓace ba."

Ta juyo da kwamfutar gabansa. Ya ce ta kawar masa da ita. Ya ce tun da ta zo ofishin nan ba ta taɓa gama karanta abu ɗaya ba, sai dai ta shafa da yatsa ya wuce, ta shafa ya wuce, ga saƙo ya shigo ta leƙa, ga kira ta amsa. Wannan ba karatu ba ne, kallo ne. Takarda ka riƙe ta, ka san abin da kake nema yana wajen tsakiya, a shafin hagu, kusa da inda shayi ya taɓa zuba. Wannan allon kuwa duk shafi fuskarsu ɗaya, in wuta ta ɗauke ilimin ya bi ta. Ya faɗi wannan, ya faɗi waɗanda suka fi wannan, har da cewa an ɗauko yara an ɗora a kan manya. Ma'aikata biyu da ke baranda suka sulale suka bar wurin.

Nuriyya ta bari ya kai aya. Ranta ya ɓaci, ana gani a fuskarta, amma ta tambaye shi me yake nema takamaimai. Da ya faɗa mata zancen ɗan saba'in da alƙawarin Tsamaye, sai ta zauna ta rubuta kalma biyu, Turba da gero. Wallahi ko numfashi uku bai yi ba sai ga maƙalar ta fito, ita ce dai, da hoton gonar da ƙuduji ya ci rabi, da jadawalin nan mai layi bakwai. Abin da shi zai yi rabin yini yana tono, ta fiddo shi kafin ya gyara tabarau, kuma wannan ma ya ƙara masa haushi. Ya matso ya duba. Komai na nan yadda ya san shi. Gefen shafin ne kawai fari fat.

Ta karanta masa inda masu binciken suka yi godiya. Sun gode wa shugabanninsu da sunayensu, sun gode wa waɗanda suka ba su mota, sannan suka ce da wani manomi a yankin Turba da ya ba su iri. Wani manomi! Mutumin da ya riƙe iri shekara da shekaru ana yi masa dariya, ko sunansa bai samu shiga ba. Attahiru ya tuna ashe abin da ya sa ya rubuta sunan ke nan tun farko, don haushin wannan layin. Nuriyya ta ƙara bincikawa ta ce an ajiye samfurin irin a wata ma'ajiyar iri mai nisa, za ta iya rubuta musu yau, amma kafin a amsa a aiko sai an yi watanni, kuma abin da za su bayar bai fi cikin cokali ba. Ya ce ta rubuta wa hadari ma ya jira.

Nan ne ta ɗago kai ta dube shi sosai.

"Baba, sau uku ina roƙonka ka bari in ɗauki hoton rubutunka da waya. Ka tuna abin da ka ce mini?"

Ya tuna sarai. Cewa ya yi kada ta kuskura ta ɗora wayarta a kan littattafansa, wanda ke son ilimi ya zo ya zauna ya buɗe. Ya tambayi ina Labbo, aka ce ya tafi gaisuwar mutuwa, sai gobe da safe. Wani daga cikin ma'aikatan ya leƙo ya ce shi dai ya ga mai ƙosan bakin tasha tana naɗi da takarda mai Turanci. Attahiru ya ɗauki sandarsa ya fita yana ɗingishi, ko ƙofa bai ja ba.

Kada wani ya ce me ya hana shi tafiya Turba ya yi tambaya. Turba ba gida ɗaya ba ce, ƙauyuka ne barkatai, rabin mutanensu sun watse, wasu suna Isa, wasu Shinkafi, wasu sun tsallaka Nijar. Kuma zamanin da ake ciki, baƙo ba ya bin ƙauye-ƙauye yana tambayar wa ke da rumbu. Da suna a hannu, kwana ɗaya ya isa a gano mutum. Ba suna kuwa, sai dai ka yi ta yawo har a yi girbi. Ga gabas ta fara haɗa gira tun shekaranjiya, wasu a Tsamaye har sun fara zancen binne iri tun kafin ruwa ya sauka.

Ya same ta a gindin dalbejiya kusa da masu faci. Dattijuwa ce siririya, da baƙin mayafi da ya koɗe, tana zaune a kan 'yar kujera, kasko na tafasa a gabanta, ga robar ƙullu a gefe. Kusa da ƙafarta kuwa ga tarin shafuka an yayyaga su biyu-biyu, an danne da dutse. A gaban idonsa ta zari ɗaya ta zuba wa wani direba ƙosai, ta barbaɗa yaji, mai ya huda takardar har jadawalin da ke jiki ya koma kamar gilashi. Attahiru ya ji kamar fatarsa aka yaga.

Abin da ya yi daga nan ba shi da daɗin faɗi, amma haka aka yi. Bai gaishe ta ba. Ya nuna takardun da sanda ya tambaye ta ko ta san abin da take naɗe ƙosai da shi. Ta ce takarda ce, ba ta aka yi, ba sata ta yi ba. Ya ce aikin shekara ashirin ne take shafa wa mai, jahilci dai bai yi ba. Ta ce ya yi haƙuri ya matsa, yana tare mata masu saye. Wannan kalma ta matsa ita ta ƙarasa shi. Ya sunkuya zai fizgi tarin, ƙafar mai ciwo ta ƙi ɗaukarsa, ya kai sanda zai dogara, sandar ta doki robar ƙullu ta kife a ƙasa, farantin ƙosan da aka tsame ya bi ta. Ƙullun wake na yini guda ya malala cikin rairayi da baƙin man masu faci.

Mutane suka taru. Wani ya ce haba Malam, wani ya ce dattijo da kai. Matar ba ta yi kururuwa ba, ba ta zage shi ba. Ta dubi ƙullun, ta dube shi, ta sa matsami ta tsame 'yan ukun da suka rage a kasko don kada su ƙone. Da yana da sauran hankali a lokacin da ya tsaya ya ba da haƙuri ya gyara ɓarnar da ya yi. Ina! Zuciya ta riga ta hau kansa. Ya tattara takardun ya rungume, ya ce ai kayansa ne, ya ratsa mutane ya wuce.

A masaukinsa ya baje su a tabarma bayan La'asar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Shafi ɗari uku da wani abu. Ya juya gaba, ya juya baya. Ko ɗigon biro nasa babu a jiki. Duk shafukan da bai taɓa rubutu a kansu ba ne, irin waɗanda Nuriyya ke da su a kwamfuta tsaf ba maiƙo. Abin ya ɗaure masa kai, sannan ya ɗan ba shi sanyi. In an ware masu rubutun, to wani ne ya ware su da gangan, kuma wanda ya ware abu ya san darajarsa. Ya ce a ransa Labbo mutumin kirki ne, yana nan ya adana masa su. Matar ƙosai ta faɗo masa a rai sau ɗaya, ya ce gobe in ya samu sunan sai ya biya ya ba ta haƙuri.

Da sassafe ya iske Labbo yana sharar ƙofar ofis. Tsoho ne mai farin gemu, bai yi boko ba, amma ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, kuma shi ke jan sallar Azahar in limamin unguwa ba ya nan. Ya ga Attahiru ya washe baki, ya ce dama yana ta son ya gan shi ya gaya masa ya kwantar da hankalinsa, ya yi wa takardunsa abin da ya kamata. Ya ce da Hajiya Nuriyya ta ce a fitar da su, sai ya buɗe ɗaya ya ga ajami. Kwana uku ya yi a zaune a rumfar gadi yana bin su shafi-shafi, duk wanda ya ga rubutun Malam a kai sai ya cire ya ajiye gefe, har bayansa ya ƙage. Attahiru ya ce Allah ya saka da alheri, ina suke.

"Na ƙone su, Malam. Can bayan masallaci, wuri mai tsarki. Tokar ma na gina rami na rufe."

Attahiru ya dafa bango. Ya tambaye shi, da wata murya da shi kansa bai san ta ba, shin da ya iya karatun ajami bai ga zancen gero da taki ba ne, ya ga aya ce ko hadisi.

"Na gani zancen gona na. Amma kowane da Bismillah bisa kai. In bari a naɗe ƙosai da sunan Allah, a yar cikin kwata a taka? Kai da kanka ba ka yarda."

To, ka ji inda ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Attahiru ya buɗe baki, fushin da ya kwana da shi ya taso, ya rasa wanda zai sauke wa. Ya zagi Labbo don ya girmama sunan Allah? Da shi aka ba wa takardun wani, abin da zai yi ke nan. Ya zagi Nuriyya, wadda ta roƙe shi sau uku? Ya zagi gara? Wa ya rubuta Bismillah ɗin, wa ya hana a ɗauki hoto, wa ya miƙe a gaban dattawan Tsamaye ya yi alƙawari da sunan da bai riƙe a ka ba? Shekara shida yana cewa allon kwamfuta na sa mutane mantuwa, ashe shi takarda ta daɗe da kwashe masa nasa. Ya zauna a kan bencin gadi ya kama kansa da hannu biyu. Haushin kansa ya ishe shi har ya ji hawaye na neman zubo masa, ya danne.

Labbo ya tsorata, ya jingine tsintsiya ya tambaye shi ko akwai abin da ya ɓata. Attahiru ya gaya masa a gajarce, ba don yana sa ran komai ba, don dai maganar ta fita daga cikinsa. Da ya ambaci ɗan saba'in sai tsohon ya ce a'a, ai wannan ya gan shi. Is'haƙa ne, na Gidan Dutsi, ƙauyensu ɗaya. Ya ce da ya ci karo da sunan a gefen shafi sai da ya tsaya ya yi masa addu'a, don shekara biyu ke nan da rasuwarsa, tun kafin mutanen ƙauyen su taso. Attahiru ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Ya ce iyalinsa fa, akwai wanda ya rage, irin yana nan?

Labbo ya ce irin kam bai sani ba, amma matarsa Safiyatu tana nan cikin Isa da surukarta da jikoki biyar. Ya ce ai saboda zumuncin nan ne ma ya kai mata sauran takardun, don ta rage sayen leda. Ita ce mai ƙosai a bakin tasha, gindin dalbejiya.

Ba ta fito tasha ba ranar. Labbo ne ya yi masa kwatancen gidan, wani kango a bayan makarantar firamare da aka ba su aro, an kewaye shi da zana. Attahiru ya yi tafiyar nan kamar mai zuwa gaban alƙali. Ya yi sallama sau biyu kafin ta fito. Ta gane shi nan take, ta tsaya a bakin zana ba ta ce ya shigo ba. Ya cire hula, abin da bai taɓa yi wa shugabar ofis ba, ya durƙusa a kan ƙafar mai ciwo. Ya kira ta Inna, ya ce ya zo neman gafara, abin da ya yi jiya ba halin mutum ba ne, kuma zai gyara ɓarnar da ya yi. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, da irin muryar da ake sallamar mutum. Ya ce akwai magana ta biyu. Ya gaya mata ya san mijinta, ya taɓa zama a gonarsa suka sha fura, ya gaya mata zancen Tsamaye da gida arba'in, sannan ya tambaye ta ko Malam Is'haƙa ya bar irin ɗan saba'in.

Ta ce eh, Malam Is'haƙa ya bar irin. Tiya biyu, a cikin gora, an cuɗe da toka don kada ƙwari su shiga. Ranar da suka taso daga ƙauye ta bar tukwanenta ta bar tabarmi, goran ta goya a baya kamar jariri. Malam ya ce mata kafin ya cika kada ta bari irin nan ya mutu, wata rana za a zo nemansa. Damina biyu ba ta da inda za ta shuka. An yi kwanakin da suka kwana da ruwan zafi a gidan nan, surukarta ta kawo zancen goran, ta ce ba ta yarda ba. Abin da ya riƙe su ƙosan nan ne, abin da aka sayar yau shi ne waken gobe, shi ne tuwon dare.

"Jiya ka zubar da ƙullun. Yara biyar, tun safe ba su ci komi ba. Da mi kake so in ba su?"

Ta nuna masa da haɓa. Turmi na nan a tsakar gida, taɓarya a jingine, ga dusa a faifai an shanya wa kaji. Attahiru malamin gona ne, ba sai an gaya masa ba, geron goran ne aka surfa, geron da aka surfa kuwa ba ya ƙara zama iri. Ya dubi dusar nan, ya ji duniya ta yi masa zafi. Jiya war haka irin yana cikin ɗakin nan, tafiyar minti goma daga inda ya tsaya yana yi wa mai shi tsawa a kan takarda.

Ta shiga ɗaki ta fito da goran. Ta ce ya jira. A ƙofar ɗakin akwai ragowar shafi ɗaya da ta kawo gida don hura wuta, ta shimfiɗa shi a ƙasa, ta kifa goran ta bubbuga gindinsa. Toka ta zubo, da 'yan ƙwayoyin da suka maƙale a ciki. Ta sa yatsa ta kankaro sauran, ta hure tokar a hankali. Abin da ya rage bai cika tafin hannunta ba, ita da hannunta ƙarami ne. Ta naɗe shi yadda take naɗe ƙosai, ta murɗe bakin, ta miƙa masa ta saman zana.

"Ka ce takardarka ta. Ga ta nan na mai da maka."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya so ya yi magana, ta riga ta juya ta shige. Ya tsaya a bakin zanan da ƙullin a hannu, ba shi da nauyin komai. Iska mai sanyi ta taso daga gabas tana kaɗa ledoji a kan hanya, aka yi cida can nesa wajen Sabon Birni. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, yau layin Tsamaye ya ga damar kamawa. Abbas ne. Ya ce hadari ya haɗu sosai a wajensu, mutane sun fara zuwa ƙofar gida da ƙorai don karɓar iri, yana tambaya ko ya ce musu su jira.